Cin da Aka Ɓoye wa Nyanisi

Tun da mijin Nyanisi ya rasu ta shiga baƙaƙen kaya, ƙungiyar ƙwallon kakannin ƙauyensu ba ta sake cin wasa ba. To, a faɗi gaskiya, ko lokacin da take tsaron raga ba wani cin kirki suke yi ba, amma wannan ba maganar da mai hankali zai yi a gabanta ba ce.

Takabar doguwa ce, ba ta zuwa fili. Saboda haka duk Asabar in an tashi wasa, tsofaffin nan sai su zarce gidanta da takalma a hannu, su baje a gindin mangwaro, su kawo mata bayanin yadda aka lallasa su. Mijaji, 'yar gaba, kullum iska ce ta karkatar mata da ƙwallo. Mphephu, kyaftin ɗinsu, ta haƙiƙance alƙalin wasa surukin wata ne a ɗaya ɓangaren. Ranar da aka rasa abin faɗa, tuwon masarar safe ne ya yi nauyi. Amma duk inda aka zagaya, wuri ɗaya ake sauka: "Ai da kina raga, Yaya, da ba haka ba."

Tsakani, wadda aka ba aron ragar, takan sunkuyar da kai ta ce haka ne. Ita ce autarsu, bara ta yi jikan fari.

Nyanisi takan taɓe baki ta wanke su tas, ta ce 'yan baya suna gudu kamar masu ɗauke da tulu. Amma a ranta wannan maganar tasu ta "da kina raga" ce ke riƙe da ita. Miji ya tafi, 'ya'ya suna Johannesburg, sai dai waya. Ragar nan kaɗai ta rage inda ake jiran ta, kuma babban tsoronta ta cire baƙaƙen kaya ta tarar an daina jira.

Wata Asabar suka shigo a jere, fuska a murtuke, murtukewar da ta yi yawa.

"Yaya aka ƙare?" in ji Nyanisi daga kan tabarma.

"An cinye mu," Mphephu ta ce, ta zauna da nishi.

"Nawa?"

"Biyu da nema," in ji Mphephu.

"Uku da ɗaya," in ji Mijaji a lokaci guda.

Suka harari juna.

"Iska ce, Yaya," Mijaji ta yi sauri ta ƙara, murya a dishe. "Iska kamar za ta ɗauke mutum."

Nyanisi ta ɗaga kai ta dubi mangwaron. Ko ganye ɗaya ba ya motsi.

"Ke kuma me ya dishe miki murya?"

"Zagin alƙali."

"Ita waccan ta baya da take kaɗa ƙafa, zagin ne bai sake ta ba?"

Ƙafar ta tsaya cak. Nyanisi ta raini 'ya'ya da jikoki, ta san fuskar wanda ya sha zuma ya goge baki. Ta juya wajen Tsakani, wadda rigarta ta yi jawur da ƙasa tun daga ƙirji har gwiwa.

"'Yar nan, dube ni. Sau nawa ƙwallo ta wuce ki?"

Tsakani ta ɗago kai. "Ko sau ɗaya, Yaya," ta ce, sai ta fashe da kuka.

Ashe ci suka yi, biyu da nema. Kuma ba kowa suka ci ba, kakannin garin Giyani ne, masu riguna iri ɗaya da motar kai su wasa. Su Mphephu sun taho suna rawa a hanya, har sai da suka iso bakin famfo Mphephu ta tsayar da su ta ce duk wadda ta yi dariya a gidan Nyanisi ta kuka da kanta.

Maganar ta soki Nyanisi, ba ƙarya. Abin da take tsoro ya zo: an ci ba ita. Ta hau murza gefen tabarma.

Sai ta dubi Mijaji. Matar da in ta zura ƙwallo ko a atisaye ne, sai duk coci ya ji labari ranar Lahadi. Yau ga ta da ci biyu a ƙafarta, ta haɗiye su, ta zauna tana yi wa iska ƙazafi. Duk saboda kada ran wata tsohuwa mai baƙin baki ya ɓaci. Godiya ta cika wa Nyanisi ƙirji har ta rasa inda za ta sa ta.

"To, kun sami gola," ta ce a hankali.

"Wace gola?" Tsakani ta miƙo yatsunta a kumbure. "Duk ƙwallon da ta taho, rufe ido nake yi. Na rantse tsoron bakinki ne ya sa nake faɗawa kanta."

"Ragar taki ce, Yaya," in ji Mphephu. "Ba wadda ta ce—"

"Yi min shiru, shugabar maƙaryata. In na fito, rabin farko nata, na biyu nawa. Gwiwata ma ba ta kai ƙarshen wasa, kun sani kuka yi shiru." Ta gyara zama. "Yanzu a faɗa min daga farko. Me ya sa muka ci?"

Nan fa gida ya kaure. Mijaji ta ce ƙafarta ta hagu ce. 'Yan baya suka ce in ba don su ba, da an zura goma. Wata ta ce addu'arta ce ta asuba, wata ta ce don an sha kunu ne yau maimakon tuwo. Mphephu ta ce alƙalin nan mutumin kirki ne, dama ita ta sha faɗa.

Mai takaba ba ta ɗaga murya, kowa ya sani. Nyanisi ta jawo gefen baƙin mayafinta ta toshe baki da shi, hawaye na zuba, ta rangaɗa musu guɗa a cikinsa.