Ƙarar da Ta Hana Barnaba Zama

Barnaba ya sake murɗa manyeto, na'urar ɗaukar murya, ya kara kunne jikin lasifikar. Garaya ta fara, sai ga abin nan ya biyo ta: zzzr, zzzr, kamar ƙuda ya faɗa gwangwani. Ya kashe. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya zauna, ya sake miƙewa.

Kwana uku ke nan yana fama. Lasifikar ta ofishin likitan dabbobi ce, ita ake ɗaurawa kan kamyo, babbar motar ofishin, a bi kasuwanni ana kiran makiyaya su kawo shanu allurar cutar bushiya. Takardar cikinta, wadda ke girgiza ta ba da sauti, ta yage a hanyar Tarka, likita ya ce a kai ta Damagaram. Barnaba kuwa, da bakinsa, gaban mutane, ya ce ba sai an je ko'ina ba, shi ma hannu gare shi. Aka aiko masa da sababbin takardu uku. Ya liƙa ta farko, ta yi zzzr, ya sa reza ya yanke ta. Ta biyu ma haka. Wannan ce ta uku, bayanta babu wata. Kamyo zai tashi zuwa Belbeji bayan azahar, gobe kasuwa. In lasifikar ba ta bi shi ba, ya san sarai ko fitilar hannu ba mai sake kawo masa gyara a Tanut. Baƙo ne daga Maradi, shekara biyu yana lallaɓa mutanen garin su yarda da hannunsa.

Kuma wallahi ba abin da bai yi ba. Ya danna takardar da yatsu a hankali, bai ji tana gogar ƙarfe ba. Ya zura tsinke da ƙyalle cikin ramin maganaɗisu tun kafin liƙi, ya fiddo rairayi da garin ƙarfe. Ya ɗaure kowace kusa, ya raba wayoyin nan biyu da jikin takarda. Jiya wuni guda ya bar ta tana kuka ƙasa-ƙasa don ta yi laushi. Abin haushin, in kiɗa ya ƙare aka shiga sanarwa, da Hausa, da Buzanci, da Fillanci, murya na fita tas. Garaya na dawowa, sai zzzr. Ya ce a ransa kiɗa ne ya fi girgiza takardar, shi ya sa ciwon ke fitowa a nan. Da safen nan har auduga ya cusa a akwatin lasifikar, ya rufe bakin akwatin da tsumma, ya rage kaifin murya. Ƙarar ta ragu, amma tana nan.

Mato direba ya leƙo, yana wasa da makullin kamyo.

"Malam Barnaba, likita ya ce in tambaya."

"Ka ce masa saura kaɗan."

"Haka na ce masa jiya. Ni dai na zuba mai, na ɗaure gangar ruwa. Kai kaɗai ake jira."

"To na ji! Na ce saura kaɗan!"

Mato ya ɗaga kafaɗa ya fita. Barnaba ya ji tsoro ya kama shi sosai. Dabara ɗaya ta rage: ya yanka gefen takardar, ya sake daidaita naɗin wayar a tsakiya, ya liƙe. In hannunsa ya goce, shi ke nan. Ya ɗauki reza. Ya ajiye, ya goge gumin tafinsa a wando, ya sake ɗauka.

"Salamu alaikum. Wane ne a nan ke ta kaɗa mini garaya tun shekaranjiya?"

Wani tsoho ne, dogo, garaya rataye a kafaɗarsa. Ya ce shi ne Dado na Olelewa, kiɗansa mutanen likita suka ɗauka cikin manyeton nan bara. A kasuwa aka gaya masa ana ta jin kiɗansa a shagon mai rediyo.

"Baba, ka yi haƙuri, aiki gare ni."

"Kunna in ji, ɗana. Ban taɓa jin kaina ba."

Barnaba ya kunna don ya rabu da shi. Dado ya karkata kai, ya saurara, fuskarsa ta ɓaci.

"Kai! Wa ya shaƙe ta?"

"Ƙarar nan nake son kashewa, Baba."

"Wace ƙara?"

"Wannan. Ji. Zzzr ɗin nan."

Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya sauke garaya, ya nuna masa kan sandarta. Wani ɗan fallen gwangwani ne a kafe, an huda gefensa an jera ƙananan zobba. Ya taɓa tsirkiya sau ɗaya. Zzzr.

"Garaya in ba wannan, wa zai waiwayo a kasuwa? Wata biyu na yi ina neman gwangwanin da ya dace. Mai ɗaukar kiɗan ma a nan ya kafa abin maganarsa, dab da shi, ni na ce ya matso."

Barnaba ya tsaya da reza a hannu. A makarantar mishan ya tashi, cikin waƙoƙin sujada, kuma Baturen da ya koya masa aiki ya ce masa duk wata zzzr cuta ce. Garaya ya sha jin ta daga nesa, bai taɓa tsayawa ya dube ta ba. Kunya ta rufe shi. Ya waiwaya lungu, inda takardu biyu ke yashe, kowace da yankan rezarsa, kowace lafiyarta ƙalau.

Ya ajiye rezar. Ya yaye tsumman, ya zaro audugar duka, ya mayar da kaifin murya, ya ƙure. Garaya ta cika shagon har kwanukan kusoshi suna rawa. Dado ya washe baki, ya ce, "Yauwa! Ga ni nan!"

Mato ya shigo da sauri.

"A'a, Malam Barnaba! Ta gyaru?"

Barnaba ya fara naɗe waya, bai ɗago ba.

"Tun shekaranjiya ta gyaru," ya ce. "Kama can mu ɗauka."