Kurman Samaru

A shekarar da jirgin ƙasa ya iso Zariya aka ɗauki Dalhatu aikin ja wayar tangaraho. Maƙeri ne tun asali, in ya murza ƙarfe tsakanin yatsu ya san halinsa. Aka ba shi layi daga tashar Sabon Gari zuwa sansanin masu awon ƙasa a Samaru. Suna wuce Palladan wayar jan ƙarfe mai kauri ta ƙare. Ya koma ya gaya wa Julius, akawun tangaraho, mutumin Ikko mai farin kwat.

"Ga ta baƙin ƙarfe can a sito, ƙulla ka wuce," in ji Julius.

"Siririya ce fa, Akawu."

"Kai aikinka hawa, nawa lissafi."

Dalhatu ya ƙulla. Ranar gwaji Julius ya buga saƙo, Elias da ke karɓa a Samaru ya aiko mai doki ya ce shi dai motsi yake ji kamar na gara a cikin azara.

Julius ya ja takarda. Ya sa tsawon layi, ya sa kaurin waya, ya ƙirga tulunan batir goma sha biyu. Lissafi ya ce wuta na isa har da saura. Sau uku yana maimaitawa.

Dalhatu ya leƙo ta taga. "Wane kauri ka sa? Ai biyu ne. Zugazugi in bakinsa ya tsuke, iska kaɗan ke kai wa gawayi. Ka lissafa mai kauri daban, siririya daban."

"Nan ba maƙera ba ce," in ji Julius.

Ya rubuta wa Baturen da ke shugabantar aikin cewa Elias kurma ne. Aka mai da Elias Zungeru, aka kawo wani, wai shi Shekari. Kwana biyu shi ma ya kurmance. Da Bature ya ce zai je ya saurara da kunnensa, sai Julius ya rufe ƙofa ya raba layin gida biyu a takarda. Ashe siririyar nan, ko sulusin hanya ba ta kai ba, ita ke shanye fiye da rabin ƙarfin wutar.

Aka aiko da waya mai kauri daga tashar jirgin ruwa ta Baro. Dalhatu ya yi kwana tara a kan turaku, ƙafafunsa duk sartse. Saƙo ya shiga Samaru rangaɗau.

Bature ya yaba wa Julius, ya kuma umarce shi da ya riƙa koyar da masu ja waya, don kada jahilci ya sake jawo irin wannan. Ranar Asabar Julius ya tara su gindin ɗorawa, ya ɗaga waya biyu.

"Dalhatu, ka san me ya sa ba a haɗa waɗannan ba lissafi?"

Dalhatu ya gyara zama. "A'a, Akawu. Faɗa mana."

Julius ya yi musu bayani da misalin zugazugi, har yana nuna wa Dalhatu yadda ake riƙe shi.