Faifai na Goma Sha Ɗaya

Reza na kan haɓar tsohon lokacin da ya jefo tambayar da ya saba jefowa duk Asabar.

"To, Almakashi, faifan wannan makon ya ka ji shi?"

Mai Aski ya goge kumfa a tawul ɗin da ke kafaɗarsa, ya gyara murya. Ƙarya idan ta kai wata biyu ana yin ta, ba ta ƙara yi wa baki nauyi.

"Kai, Baba, wannan ya fi sauran duka. Musamman wurin da ƙahon nan ya shigo a hankali, sai da tsikar jikina ta tashi."

Baba Injiniya ya buɗe ido daga kan matashin da aka jingina shi, ya dube shi na ɗan lokaci.

"Ƙahon," ya ce.

"E, ƙahon."

"Ya shigo da kyau ke nan."

Ya mayar da idonsa ya rufe, ya ɗaga haɓa don a ƙarasa masa. Da aka gama, maimakon ya sa 'yarsa Auta ta ɗauko sabon faifai kamar kullum, sai ya ce Mai Aski ya ƙara riƙe na wurinsa, don ba irin wanda ake gamawa a mako ɗaya ba ne. Mai Aski har daɗi ya ji a ransa, an rage masa ƙaryar mako guda.

Ƙofofinsu suna kallon juna a hawa na biyu, taku huɗu ne tsakani, shagon askin kuma yana ƙasa, a bakin titi. Baba Injiniya ya shekara talatin yana kula da na'urori a gidan rediyo, ya yi ritaya da ciwon zuciya da faifan garmaho cike da kanta uku, duk na jaz, kiɗan nan na baƙaƙen Amurka. Shi ya laƙaba wa Mai Aski suna Almakashi, wai don bakinsa da almakashinsa ba a san wanda ya fi hutawa ba.

Abin da ya fi ci wa Mai Aski rai daga baya shi ne, farkon lamarin ba ƙarya a ciki. Wata rana da azahar ya hau sama da burodi a leda, sai ya ji wani ƙaho yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar tsohon, a hankali, kamar mutum yana ba da haƙuri. Ya tsaya a kan matakala har kiɗan ya ƙare. A nan tsohon ya buɗe ƙofa ya same shi, baki a sake.

Daga ranar ya zama ɗalibi. Baba ya ara masa ƙaramin garmahonsa, ya koya masa ɗora allura ba tare da ya karce faifai ba. Ya ce masa kada ya nemi waƙa, don sau ɗaya makaɗan za su faɗi maganar a farko, sai kowa ya ɗauka ya juya ta yadda ya ga dama, can a ƙarshe su dawo gida tare. Ya ce idan kansa ya ɗaure, ya bi mai bas, wancan mai babbar tsirkiya da ke tafiya dum-dum a ƙasa, shi ke riƙe da gidan.

"Idan kuma ka ɓata, ka zo ka ce ka ɓata," in ji shi. "Ni shekara biyu na yi ina ɓata."

Faifai na farko Mai Aski ya saurare shi har matarsa ta fara ƙorafi. Na biyu ma haka. Na uku ne ya kayar da shi. Mutum biyar kowa na jan nasa, kamar rigimar direbobi a tasha, ya nemi mai bas sama da ƙasa bai gan shi ba. Ya ɗage allurar kansa na sarawa. To, amma mutumin da a shagonsa yake yanke hukunci a kan ƙwallo da siyasa da maganin hawan jini, wanda ba a taɓa jin ya ce bai sani ba, ina zai iya buɗe baki ya ce ya ɓata? Ranar Asabar ya ce faifan ya yi matuƙar daɗi. Fuskar tsohon ta washe, har ya kira Auta daga kicin ya ce ta zo ta ga mai kunne.

Shi ke nan. Garmaho ya zama teburin da matarsa ke ajiye filas. Faifai kuwa duk Asabar ya hau kan kabad a cikin ledarsa, wata Asabar ya sauko yadda ya hau. Kalmomin tsohon ne yake tattarawa ya mayar masa da su, shi kuma yana gyaɗa kai. Kullum Mai Aski yana cewa a ransa zai zauna ya saurare su duka idan aiki ya yi sauƙi.

Ranar Litinin, kwana biyu bayan wancan askin, Auta ta leƙo shago. Ta ce Baba ya ce ko zai hau na minti goma, akwai abin da yake so su saurara tare. Mutum ɗaya ne kawai a kan kujera, shi ma an kusa gama masa. Amma Mai Aski ya hango kansa zaune gaban tsohon, kiɗa na tafiya, ana tambayarsa me ya ji, ba inda zai ɓuya. Ya ce ta gaya wa Baba yau shago ya cika, gobe da yardar Allah. Gobe ta zo ya wuce ƙofar a kan yatsun ƙafa.

Laraba da hantsi yana tsakiyar yi wa wani tela aski, Auta ta sauko ba takalmi. Ta riƙe ƙyauren shagon da hannu biyu. Telan ne ya fara ganewa, ya cire ƙyallen daga wuyansa da rabin kai a aske, ya ce masa ya je kawai.

Ya sami tsohon a jingine yadda ya saba, fuskarsa tana kallon ƙofa, rai ya yi halinsa. Gemun kwana huɗu ya fito masa fari-fari. Mai Aski ya yi duk abin da maƙwabci ke yi, ya yi waya, ya ɗauko kujeru, ya tsaya har aka kai shi makwanci. Mutane suna ta yi masa gaisuwa kamar ɗa, suna cewa ai shi ne abokin hirar marigayi, shi kaɗai ke gane wannan kiɗa nasa. Kowace gaisuwa sai ya ji kamar an mare shi.

Asabar da ta biyo baya hannunsa ya kai kan jakar reza tun kafin ya tuna. Ya tsaya riƙe da ita, sannan ya jawo kujera ya sauko da ledar daga kan kabad. Ƙura ta kwanta mata. Ya ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tasa.

Auta tana zaune a ƙasa tana zuba kwalaben magani a kwali. Ya ce ya kawo amanar Baba ne, garmahon kuma zai kawo an jima. Ta karɓi ledar, ta ga ɗaurin da ita ta yi da hannunta yana nan yadda yake. Ta kwance, ta zaro kwalin faifan, mai kauri, da ɗan littafi a ciki da hoton kujera a jikin taga. Ta buɗe bakin kwalin ta nuna masa. Ba komai a ciki.

Ya fara rantsuwa cewa bai taɓa shi ba, sai ya ji abin da bakinsa ke faɗa, ya yi shiru.

Ta tashi ta ɗaga murfin babban garmahon da ke gefen gado. Faifan na kai. Ta ce ranar da za a ba shi, Baba ya ce sai ya ƙara ji sau ɗaya, ita kuma ta ɗaure kwalin ba ta duba ba. Da yamma Baba ya lura, ya yi ta dariya, ya ce yanzun nan Almakashi zai ƙwanƙwasa ya ce an ba shi fanko. Ya hana ta sa sakata. Kwana shida duk motsin da ya ji a matakala sai ya ɗago kai.

"Da kika ji abin da na ce masa ranar Asabar fa?" ya tambaye ta.

"Na so in yi magana, ya harare ni. Da ka fita ya ce, 'Ƙyale shi, Auta. Laifina ne, na yi masa sauri tun a na uku. Wannan mai sauƙi ne, da shi ya kamata in fara masa.' Ya ce kada in cire shi, naka ne."

Kunya ta rufe shi har bai san inda zai sa idonsa ba. Ashe tsohon ya sani, ya ɗaga masa haɓa ya bar shi ya ƙarasa askin, har ya nemo masa uzurin da shi kansa bai nema ba.

Auta ta kunna, ta ɗora allurar, ta ɗauki kwalin maganinta ta fita.

Ya zauna a bakin gadon da aka yaye wa zani, jakar reza a cinyarsa. Piyano ne ya fara, shi kaɗai, a hankali. Ya faɗi maganarsa sau ɗaya, gajera, sannan ya ɗauke ta ya shiga juyawa. Mai Aski ya bi shi, ya ɓata, ya sake samo shi. Can ƙasa-ƙasa har ana jin mai kiɗan yana gunguni da hancinsa. Ya kasa kunne yana jiran inda ƙaho zai shigo, ko da sau ɗaya ne. Gefen farko ya ƙare. Ya tashi ya juya faifan da yatsu a baki-baki, yadda aka koya masa, ya koma ya zauna.

Har ƙarshe mutum ɗaya ne da piyanonsa.

Allurar ta kai tsakiya tana shuu, tak, shuu, tak. Daga ƙasa wani yana buga ƙofar shago yana kiran mai aski. Bai motsa ba. A kan taga, kofin da yake kaɗa wa Baba kumfa yana nan a kife, burushin a gefensa ya bushe.