Hoton da Bai Yi Kyau Ba

Auta ta ɗaga wayar karo na huɗu, ta saita fuskar Baba a tsakiya, ta danna. Mutumin da ya fito a hoton dattijo ne mai ƙoshin lafiya, fata sumul, idanu farare tas, kamar wanda ya ci ya ƙoshi ya kishingiɗa. Ta sauke wayar ta dubi na kan gadon. Kumatunsa sun lotsa, leɓensa ya bushe, farin idonsa ya koma ruwan ƙwai, har fatar goshinsa ta ɗauki launin.

Sati uku ke nan da aka kwantar da shi saboda ciwon hanta. Ita ce ke jinyarsa, ta ɗauki hutu daga makarantar firamaren da take koyarwa. Da safiyar nan likita ya ja ta gefe a baranda, ya rage murya, ya ce idan akwai wanda ya kamata ya zo ya ga mara lafiyar, to a kira shi cikin makon nan.

Mutum ɗaya ne ya kamata ya zo: Yaya, babban ɗan Baba, da ke aikin walda a wani kamfanin gine-gine a wata ƙasa. Sau ɗaya ake ba su hutu a shekara, shi kuma ya riga ya cike takardar nasa, sai nan da wata uku. Shi ya aiko mata da wayar bara don ta riƙa tura masa hotunan gida. Wayar ba ta manya ba ce, ba kuma ta ƙarshen layi ba. Kyamara uku gare ta a baya, kuma malaman makarantarsu duk ita suke ara ranar rabon kyaututtuka.

Tun da safe ta tura masa saƙon murya ta faɗa masa abin da likita ya ce. Ya nemi hoto, ta tura biyu. Amsarsa ta zo cikin ƙarar injina: ai alhamdulillahi, Baba har ya fi wancan makon kyan gani, likitoci dama haka suke, sai sun tsorata mutum. Ya tuna mata shekara biyu da suka wuce, lokacin da ta taso shi afujajan ya iske zazzaɓi ne kawai, Baba na zaune a ƙofar gida yana gardamar ƙwallo da maƙwabta. Ba da faɗa ya yi maganar ba, har da dariya a ciki. Ya ce Autar Baba ke nan, ko atishawa ya yi sai ta kira mutane.

Kiran bidiyo ma bai yi amfani ba. Inda Yaya yake sabis ba ƙarfi, hoton sai ya riƙa daskarewa. Baba kuwa da ya ji muryar ɗansa sai ya tattaro ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ɗaga murya, ya tsokane shi a kan tumbi. Ana kashe wayar ya koma ya kwanta yana haki.

Wajen azahar Gwaggo, ƙanwar Baba, ta iso da fulas da wankakkun kaya. Auta ta bar mata ɗakin, ta hau bas zuwa kasuwa.

Layin masu gyaran waya yana bayan masu sayar da takalma. Ta tsaya a rumfar wani da ake kira Injiniya, mai ɗan furfura a gemu, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Teburinsa cike da wayoyin da aka feɗe, kowace an ɗaure ta da roba an manna mata lamba. Ta ce masa kyamararta ce ta lalace. Ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya ɗauki hoton layin, ya buɗe shi da yatsu biyu, ya juyo mata da wayar. Ya ce in wannan lalacewa ce, shi ma a ba shi irinta.

"Matsalar ke nan," in ji Auta. "Tana gyara abin da ba a ce ta gyara ba."

Ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Ya ce shekararsa goma sha biyu a wannan kujera, masu zuwa da kukan sun fito baƙi ƙirin ba su ƙirguwa, amma yau ya fara ganin wadda kyau ya ishe ta. Sai da ta faɗa masa dalili. Maƙwabcin ya koma rumfarsa. Injiniya ya sauko da tabarau na biyu ya janyo mata benci.

Ya yi mata bayani yana latse-latse. Wayoyi masu matsakaicin kuɗi irin wannan, in ji shi, idonsu ƙarami ne, ba ya kwasar haske sosai, shi ya sa kamfanoni suke cike giɓin da dabara. Da zarar an danna, wayar za ta ɗauki hotuna da yawa a lokaci guda ta haɗe su, ta goge tamoji, ta ƙara haske a fuska. In ta ga rawaya ta yi yawa, sai ta ɗauka fitilar ɗaki ce ta jawo, ta wanke ta. Ba ta san ciwo ba, abin da ta sani mai saye yana son ya ga ya yi kyau.

Ya kashe kwalliyar fuska, ya kashe wasu abubuwa biyu da ke ɓoye can cikin saiti, ya mayar da kyamarar inda mutum ne ke zaɓa mata haske da launi da hannunsa, ya tsayar da launin a kan hasken rana. Sannan ya gwada da tasa fuskar. Ya daɗe yana kallo, ya ce ashe matarsa tana da haƙuri.

Kafin ta tashi ya ba ta shawara: ta kashe fitilar ɗakin, ta buɗe labule, ta tsaya taga na bayanta, ta yi amfani da kyamarar baya. Ta kuma ajiye farar takarda kusa da kumatun mara lafiyar, don mai kallo ya sami abin da zai gwada launin da shi. Ya ce Allah ya ba shi lafiya. Ta ce amin.

A bas ɗin komawa ta ɗauki hoton bayan hannunta. Ga alli da ya maƙale a gefen farce, ga tabon ƙunar dutsen guga. Ta goge hoton.

Ta tarar Baba yana barci, Gwaggo kuma ta fita neman ruwan zafi. Ɗakin gado huɗu ne, biyu babu kowa, na ƙarshe an zagaye shi da labule. Ta kashe fitila, ta ja labulen taga, rana ta faɗo a kan filo. Ta zaro takarda daga littafin da take rubuta lokutan magani, ta ajiye ta a hankali kusa da fuskarsa. Duk hotunan baya, sai Baba ya sa an tayar da shi zaune, an gyara masa wuyan riga, ya shirya murmushi. Wannan karon ba ta tashe shi ba. Ta tsaya a kansa da waya kamar mai shirin ɗaukar abin da ba nata ba.

Hasken ne ya sa ya buɗe ido, daidai lokacin da ta danna.

Hoton bai yi kyau ba. Gefe ɗaya ya yi duhu, bargon ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. Amma takardar fara ce, idon da ke kusa da ita kuma ruwan ƙwai ne. Ƙasusuwan fuskar duk sun fito.

Baba ya miƙo hannu. Kullum in ta ɗauka sai ya ce a nuna masa, ta nuna masa, ya gyaɗa kai ya ce da sauƙi. Ta ce wannan bai fito ba, bari ta sake. Bai janye hannun ba. Ta ba shi.

Sai da ta ga yadda ya riƙe wayar da hannu biyu, ya matso da ita, ya nisanta ta, sannan ta tuna ɗakin ba madubi, kuma tun da aka kwantar da shi bai taka zuwa banɗaki da ƙafarsa ba. Sati uku bai ga fuskarsa a ko'ina ba sai a wayarta.

"Ni ne wannan?"

"Kai ne, Baba."

Ya tambaye ta tun yaushe ya koma haka. Ta ce ya kai kwana goma. Ya tambayi abin da likita ya faɗa mata a baranda da safe, don ya ga fitarsu. Ta faɗa masa yadda aka faɗa mata, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ya sake duban hoton. A bayan labulen gado na ƙarshe wani yana juya cokali a kofi.

Ya ce shi da yake ta lissafin ranar sallama, har ya sa Gwaggo ta kawo masa takalmansa. Ya ɗan yi dariya, tari ya katse shi. Ta ba shi ruwa. Da ya lafa ya miƙa mata wayar.

"Tura wa yayanki. Kada ki rubuta komai a ƙasa."

Ta tura. Alama ɗaya ta fito, ta jima, sannan ta zama biyu. Gwaggo ta shigo da fulas tana mitar layin da ta tarar, ta tambaya wa ya kashe fitila. Ba a yi minti biyar ba wayar ta yi ƙara. Auta ta fita baranda ta ɗauka. Yaya ne. Wannan karon ba ƙarar injina, ya fito waje. Bai yi gaisuwa ba. Ya tambayi sunan ciwon yadda likita ya rubuta shi, ya ce ta ɗauki hoton takardar asibitin ta turo yanzu, zai shiga ofis da ita. Jirgin da zai iya samu mafi kusa na jibi ne. Ta ce to. Ya yi kamar zai ƙara magana, ya kashe.

Da ta koma ciki Gwaggo na zuba ruwan zafi a kofi, Baba yana kallon silin. Ta faɗa masa jibi. Ya gyaɗa kai. Can ya ce Gwaggo ta tayar da shi zaune, ta sa masa filo a baya. Ya ce wa Auta ta ɗauke shi guda ɗaya irin na da, mai kyan nan, a ajiye wa jikokinsa, wancan kuma in yayanta ya iso a goge shi.

Ta buɗe saitin kyamarar. Ta shiga nan, ta fita, ta shiga can. Rubutun ƙanana ne, alamomin duk sun yi mata kama da juna, ta kasa gane inda Injiniya ya bi. Baba yana zaune, ya shirya murmushinsa yana jira, kansa na ɗan rawa. Ta ce masa ba ta san yadda ake mayar da ita ba, sai gobe in ta koma kasuwa.

"To, goben," in ji shi.

Gwaggo ta zare filon, suka kwantar da shi.