Ƙyalle na Arba'in

Ranar Litinin muka tarar garin kuregu ya yi tsit. Shekara shida ina aiki a wannan fili na gabashin Montana, kuma kullum tun kafin a-kori-kurarmu ta tsaya suke fara yi mana haushi daga bakin ramukansu, kamar mun ci musu amana. Ranar ko ɗaya bai leƙo ba, sai ƙudaje ke shige da fice.

Merle, dattijon da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya cire hularsa ya sosa sanƙo. "Lorna, kin ji abin da na ji?"

"Ban ji komai ba."

"To shi nake nufi. Tura ƙafar wandonki cikin safa."

Na sunkuya na tura. Baƙar annoba ce kaɗai ke share gari haka cikin kwanaki. Ƙuma ke yawo da ita, kuma idan kurege ya mutu, ƙumarsa takan zauna a rami da yunwa tana jiran jiki mai ɗumi.

Aikina shi ne in maƙala farin ƙyalle mai laushi a bakin doguwar waya, in zura a rami, ƙuma ta ɗauka dabba ce ta hau, in zaro in cusa a leda in rubuta lamba da wuri. Ledojin sai sun kwana a firiza, ƙuma ta mutu, kafin a buɗe. Ƙyalle arba'in muke fita da su, arba'in kuma suke komawa. Ranar, da muka dawo, na ƙirga talatin da tara.

"Iska ta ɗauke," in ji Merle. "Ko kin haɗa da burodinki kin cinye, tunda ba kya kallon abin da kike kai wa baki."

Na yi dariya, na ce iska ce. Na gaji, rana ta gasa ni, kuma ƙarfe biyar ta kusa, lokacin ɗauko 'yata Opal daga gidan mahaifiyata. Ƙa'ida ita ce a tuɓe kayan fili a ofis, amma na fita da rigata ta sama, na jefa ta a kujerar bayan motata. Har yau ina jin haushin kaina.

Ranar Alhamis da safe Merle ya buga waya. Babu tsokana a muryarsa. "Sakamako ya fito. Annobar ce. Kina lafiya dai ko?"

"Lafiyata lau."

"Madalla. Ki duba jikinki duk da haka."

Na ajiye waya na shiga tashin Opal. Shekararta biyar, kuma ba a taɓa tashinta ba, ita ke tashin mutane. Na same ta a dunƙule, jikinta rau da zafi.

"Mama, hannuna ba ya ɗaguwa."

Na sa yatsu a hammatarta, ta ƙwalla ƙara. Kaluluwa ce, ta kai ƙwan tantabara. Na ce wa kaina yara kan yi kaluluwa, ƙaramin ƙurji ma na kawo ta. Ina cikin lallashin kaina na hango 'yar tsanarta, Biskit, a ƙirjinta, an naɗe ta tsaf da farin ƙyalle mai ɗishi-ɗishin jar ƙasa.

"Opal, ina kika samo wannan?"

"A aljihun rigarki, a mota. Bargon Biskit ne." Ta dube ni da jajayen idanu. "Ba sata na yi ba, Mama."

Sai na tuna. A rami na ƙarshe ledojina sun ƙare, na cusa ƙyallen a aljihu da niyyar in sa shi a leda idan na isa mota. Kwana uku tana kwana da shi a jikinta.

Asibiti mafi kusa mil sittin ne. Ban san yadda na tuƙa ba. Ina ta leƙa madubi ina kiran sunanta, tana amsawa a hankali.

Likitar, wata doguwar mata mai furfura, ta duba maƙogwaronta ta ce, "Zazzaɓin nan na yawo a gari. Ki ba ta ruwa sosai, idan ya kai jibi..."

"Ba mu da jibi, likita."

Na ɗora ledar a tebur. Kafin mu fito na sa safar hannu na cusa Biskit da bargonta a ciki, kuma hannuna ya yi rubutun da ya saba ba tare da na sani ba. Likitar ta karanta a fili: "Lamba arba'in. Wuri: gadon Opal." Na faɗa mata aikina da sakamakon da ya fito. Ta ɗaga hannun yarinyar ta leƙa hammata, ta daina magana da ni, ta leƙa waje tana kiran nas da ƙarfi.

Suna neman jijiya a hannunta, ni kuma ina riƙe da ƙafarta, sai Opal ta ga nas ta ɗauki ledar. Ta san inda ledojina ke zuwa, ta sha raka ni ofis.

"Mama," ta ce, haƙoranta na kaɗawa, "kar ki bari a sa ta a firiza. Ita ma sanyi take ji."