Sharar Doña Noemí

A wani ofishi na birnin Córdoba, Mai Shara suke kiran Doña Noemí Bustos, don ba ta taɓa harhaɗa manhaja ba sai ta fara goge duk ragowar haɗin jiya. Shekara ashirin tana haka. Yanzu kuma sabon shugabansu, Ramiro, mai ji da kansa kamar shi ya ƙera kwamfuta, ya ce daga Litinin ta bar aikin ta koma rubuta littafin bayani. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ko gezau. Ta san hannunta.

Aikin da ke gabansu direba ne, ɗan guntun manhajar da ake maƙala wa zuciyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, don ta iya magana da sikelin auna waken soya. Ramiro da kansa ya rarraba fayilolin cikin jakunkuna uku, ya gyara kuskuren da ke sa sikelin cinye kilo biyu a kowane buhu, ya haɗa, komai ya tafi sumul. Ƙarfe sha ɗaya manoma za su zo gani.

"Bari in share tukuna," in ji Noemí.

"Haba Doña, sha shayinki na mate ki huta. Ya haɗu, me kuma?"

"Ya haɗu da me? Matsa, ɗan nan."

Ta ja kujera, ta share, ta sake haɗawa. Nan take allo ya cika da jan rubutu. Ramiro ya dafe kai.

"Kin kashe ni!"

"Aikinka ne bai taɓa shiga ba," ta ce, tana nuna masa layi ɗaya a takardar umarnin haɗawa. "Ka kwashe fayilolin zuwa sabon gida, ka bar adireshin tsohon. Kwana huɗu na'urar tana ɗauko tsohon haɗin da ya rage a can, kai kana ta murna. Gyaranka yana zaune a jaka ta uku, ko kallonsa ba a yi ba. Da manoman nan sun ɗora buhu, da ka sha kunya."

Ta rubuta hanyoyin jakunkunan uku, ta haɗa, ta ɗora buhun gwaji mai kilo hamsin. Sikeli ya nuna hamsin cif.

 Ramiro ya cika ƙoƙon mate ya miƙa mata da hannu biyu.

"Batun Litinin ɗin nan, Doña..."

"Littafin? Kai za ka rubuta shi," ta ce, ta zuƙi shayinta. "Shafin farko, shara."