Mayafin Nna a Ƙofar Fijo

Tun da Sheshi ya auri Zuliha, har 'yarsu Murja ta girma ta haihu, bai taɓa haɗa ido da surukarsa Nna ba. In ya je Bida gaisuwa, daga bakin zaure yake cire takalmi ya durƙusa, ya gai da ƙasa, ita kuma Nna ta amsa wa bango. In magana ta kama, sai a nemi wanda zai kai ya kawo. Haka ya taras ana yi a gidansu, kuma ko sau ɗaya bai ji abin ya yi masa nauyi ba.

Ana gobe sunan jaririyar Murja, wadda za a mayar wa sunan Nna, tsohuwar ta aiko da saƙo biyu. Ba za ta kwana gidan suruki ba, kuma ba mai aske mata takwara sai a kan cinyarta. Saboda haka Sheshi ya yi sammako ya ɗauko ta a tsohuwar fijonsa. Ta fito cikin sabon mayafi ruwan zuma, ta shiga baya ta zauna. Ya kawar da kai kamar yadda ya saba, ya tura ƙofa. Ƙofar ta ɗan yi gardama, sai ya sa gwiwa ya danna ta.

Sun wuce Garatu, sun ratsa Kpakungu, har suka iso gidansa a Bosso. Ƙofar gida ta cika. An yanka rago, mata na ta kai da kawowa da kwanukan shinkafa, wanzami kuwa ya baje askarsa a inuwar mangwaro yana hamma.

Sheshi ya zagayo ya ja hannun ƙofa. Shiru. Ya sake ja. Ya ɗaga maɓallin ciki ta taga, ya danna, ya jijjiga. Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ɗaya ƙofar bayan kuwa ta daɗe da mutuwa, mai walda ya liƙe ta tun wata damina da ta riƙa buɗewa a kan hanya.

Yona maƙwabcinsa, tsohon direban tifa kuma abokin dararsa, ya taso da cinyar kaza a hannu.

“Ba na ce ka sayar wa masu kiwon kaji motar nan ba? A ziro Mama ta taga kawai, ni zan tare ta.”

Sheshi ya harare shi. Uwar matarsa, ta taga, kamar buhun doya, a gaban mutanen Bosso da baƙin Bida? Ko ta haura kujerar gaba da gwiwoyin da ko daga tabarma sai an taimaka mata take tashi? Da a yi haka gara ya bar garin.

Yona ya sunkuya ya leƙa bakin ƙofar, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

“Zo ka ga aikinka, sarkin kunya. Ka rufe ƙofa idonka na can yana kallon garin Lapai!”

Gefen mayafin Nna ne ya shige cikin makullin, ya cushe harshensa tam. Ashe tun daga Bida tsohuwa take zaune a karkace, wuyanta a langaɓe, ta kasa ce wa surukinta ya tsaya.

“A kawo almakashi,” in ji wata daga cikin matan.

Daga cikin mota Nna ta gaya wa kujerar gaba cewa mai yanka mayafin nan bai zo duniya ba tukuna. Yona ma ya ce yankan ba zai yi amfani ba, tsumman da ke ciki shi ne ya riƙe ƙarfen. Sai an ɓalle marfin ƙofar daga ciki, a ja sandar makullin da hannu, wani kuma ya danna ƙofar daga waje don ta saki.

Daga ciki. Sheshi ya dubi Zuliha, ita kuwa ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Ya cire takalmi a bakin motarsa ta kansa, ya yi sallama, ya shiga ta gaba. Ya kwantar da kujera, ya miƙe a kanta rub da ciki, hularsa ta kusa taɓa gwiwar Nna. Ya kwance hannun gilashi da sukudireba, ya cire matokarin hannu, ya ɓamɓare marfin kaɗan-kaɗan. Ga sandar can ƙasa yana hangen ta, amma hannunsa na mai cin tuwo ya ƙi shiga ramin.

Hannun da zai shiga ɗaya ne a motar. Siririn hannun Nna, wanda ya tsufa yana zira duwatsun wuya a zare.

“Yona,” Sheshi ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “gaya wa Nna, in ba damuwa, ta sa hannu a ramin nan.”

Yona ya cusa kai ta taga. “Mama, ya ce wai tun da ke kika ɓata masa mota, ke za ki gyara.”

“Ban faɗa ba! Wallahi ban faɗa ba!”

“Gaya wa Baban Murja,” in ji Nna, “na taɓa wani ƙarfe mai sanyi.”

“Ta ce kanka ya yi sanƙo, ba ta sani ba sai yau.”

Mata suka kwashe da shewa. Wanzami ma ya baro inuwarsa ya zo kallo. Daga cikin gida aka jiyo kukan jaririya, siriri, ba ƙaƙƙautawa. Nna ta saurara. Sai ta sauke ido, ta dubi surukinta sosai, karo na farko.

“Ɗana, rabu da wannan mai bakin. Takwarata na kira na. Wanne zan ja?”

Sheshi ya leƙa ramin, ya nuna mata da yatsa.

“Na ƙasan, Nna. Mai lanƙwasa. Ki ja shi sama.”

“Ya ƙi.”

“Bari in ɗiga masa mai.”

Zuliha ta miƙo man gyaɗa a ludayi, ya tsiyaya shi a hankali kan makullin, yana tare mayafin da tafin hannu kada ya ɓaci. Yona ya juya baya ya jingina ƙugunsa da ƙofar, ya tokare ƙafa ya danna.

“Yanzu, Nna!”

Aka ji ƙas. Yona ya matsa, ƙofar ta buɗe da kanta kamar ba ita ba, mayafin ya zame ya faɗo. Haƙoran ƙarfe sun ɗan tauna gefensa, amma bai yage ba. Guɗa ta tashi har bakin titi.

Nna ta gyara lulluɓi, ta sauko da ƙafarta ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, da mutuncinta, hannunta na maiƙo. Ta taka zuwa gindin mangwaro ta zauna a tabarma, Murja ta ɗora mata jaririya a cinya, wanzami ya jiƙa kan ya fara aski.

Sheshi ya fito yana laluben takalmi, babbar rigarsa duk ta yamutse. Yona ya miƙa masa ragowar cinyar kazar.

“To ni an sallame ni daga aikin tafinta ke nan?”

Kafin ya amsa, Nna ta ɗaga murya daga tabarma, ba ta dubi bango ba, ba ta nemi ɗan aike ba.

“Ɗana, da la'asar in za ka mayar da ni, gaba zan zauna. Kuma ka dubi ƙofar kafin ka rufe.”

“To, Nna,” in ji Sheshi. Ya durƙusa, ya dubi ƙasa don sabo, sannan ya ɗago kai yana dariya.